Daga fili zuwa benci: yadda ake zama koci, da misalin Roda Antar da Bassem Marmar na Labanon

Idan kana buga ƙwallo, shekarunka sun haura 30, gwiwa ta fara yi maka ƙorafi duk safiya, to da kai nake. Ni aikina horar da yara ne, 'yan ƙasa da shekara 15, a filin wata firamare bayan la'asar, kuma ba a rasa tsohon ɗan wasa da zai jingine babur a bakin fili ya ce, "Koci, ni ma fa ranar da na ajiye takalmi, usur zan rataya." Abin da nake gaya musu shi zan shimfiɗa a nan, da misalin mutum biyu 'yan Labanon.

Wani zai ce me ya kai ni Labanon, ga Guardiola ga Zidane. Dalilina shi ne labarin waɗancan bai cika amfanar mai ƙaramin ƙarfi ba. Zidane ya karɓi Real Madrid da Ronaldo da Modric a ciki, albashi na shiga kan kari, likitoci na zaune suna jira. Labanon kuwa ƙaramar ƙasa ce, babbar gasarta ƙungiyoyi 12 ne, 'yan wasa da yawa suna da wata sana'ar da suke ci da ita ban da ƙwallo, filaye da dama ciyawar roba ce, kuma kusan kowace ƙungiya akwai unguwa ko ɗariƙa ko wani babban mutum da take jingine da shi. Wanda ya zama koci a irin wannan wuri, hanyarsa ta fi kusa da wadda kai za ka bi.

Roda Antar an haife shi a Freetown ta ƙasar Saliyo a 1980, cikin 'yan Labanon ɗin nan da kasuwanci ya baza a Afirka ta Yamma, irin waɗanda muka sani a Kano har titi ya ci sunan Beirut. A Tadamon ta garin Sur, kudancin Labanon, ya fara fice. A 2001 Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi aro, daga nan ya koma Freiburg a 2003, sannan FC Köln a 2007. Shi ya ci ƙwallaye biyun da Köln ta doke Mainz da su a watan Mayun 2008 ta hau babbar gasar Bundesliga, lokacin Jürgen Klopp ne kocin Mainz ɗin. Ya tafi ƙasar Sin ya ɗauki kofin gasarsu da Shandong Luneng a 2010. Ya yi kyaftin ɗin ƙasarsa, ya ci mata ƙwallo 20, ciki har da wadda ya sa da ka suka doke Iran da ci 1 da nema a Beirut a watan Satumban 2012. A tarihin ƙwallon Labanon, da wuya ka lissafa uku ba ka sa shi ba.

Bassem Marmar kuwa, wajen Labanon ba kowa ya san shi yana wasa ba. Ɗan wasa ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙungiyar Ahed ta kudancin Beirut, ya yi mata kyaftin, ya yi aiki a ƙarƙashin wasu kociyoyi a matsayin mataimaki, kafin a miƙa masa ragamar babbar ƙungiyar a 2016.

To ga yadda aka ƙare. Antar ya ajiye takalmi a 2017, a shekarar ya karɓi Racing Beirut kai tsaye, kuma a ƙarshen kakar 2018/19 Racing ta gangara rukuni na biyu. A 2020 aka ba shi Ahed, bai daɗe ba suka rabu. Marmar kuwa a zamaninsa Ahed ta mamaye gasar ƙasar, ta ɗauki kofi a 2017 da 2018 da 2019, sannan ranar 4 ga Nuwamban 2019 ta zama ƙungiyar Labanon ta farko da ta ci kofin AFC Cup na nahiyar Asiya. Ba ina rage wa Antar daraja ba ne, ya gaji yanayi mai wuya, zan zo kansa. Abin da nake so ka riƙe shi ne sunan da ka yi a fili sau ɗaya yake buɗe maka ƙofa. Zamanka a ciki kuwa ya dogara da abin da ka tanada kafin a buɗe.

Fara tun takalmin na ƙafarka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara biyu ko uku kafin ka daina wasa, ka sayi littafi mai bangon kwali, kada ka dogara da waya, waya takan ɓata ko ta faɗa ruwa. Duk ranar da aka tashi atisaye ka zauna minti 10 ka rubuta abin da koci ya sa aka yi, mutum nawa, faɗin wurin taku nawa, minti nawa aka ɗauka, kuma me kake jin yana nufi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce aikin. Ɗan wasa yana yin atisaye shekara 15 bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa ake yin gudu mai tsanani ranar Talata a sassauta ranar Juma'a ba, alhali koci ya san akwai wasa ranar Lahadi kuma jiki na bukatar kwana biyu zuwa uku ya murmure daga aiki mai nauyi.

Ka duba makarantar da Antar ya ratsa ba tare da ya biya ko sisi ba. A Freiburg ya zauna ƙarƙashin Volker Finke, mutumin da ya riƙe ƙungiyar shekara 16, daga 1991 zuwa 2007, wanda daga baya ya kai Kamaru gasar cin kofin duniya ta 2014. A Köln ya yi da Christoph Daum, a Shandong da Branko Ivanković, a ƙungiyar ƙasa da Theo Bücker, Bajamushen da ya jagoranci Labanon suka doke Koriya ta Kudu 2 da 1 a Nuwamban 2011. Kai ma kana da naka, ko da kocin unguwa ne. Har wanda ba ka so, rubuta abin da yake yi da ke ɓata wa 'yan wasa rai, wannan shafin zai fi sauran amfani ranar da kai ne a tsaye da usur.

Sannan takarda. A Labanon, hukumar ƙwallon ƙasar ce ke shirya kwasa-kwasan koci a ƙarƙashin tsarin hukumar Asiya, AFC, kuma matakan suna hawa ne daga lasisin C zuwa B zuwa A, sannan Pro a ƙololuwa. Mu nan Afirka na CAF ne, ana farawa daga D, sai C, B, A da Pro, kuma ta hannun hukumar ƙasarka ake shiga: NFF a Najeriya, FENIFOOT a Nijar, GFA a Gana. A Najeriya akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Legas, wadda ta daɗe tana yaye masu horarwa. Don ka san nauyin abin, a tsarin Turai mafi ƙarancin lokacin karatun lasisin B sa'a 120 ne, na A sa'a 180, na Pro 360, kuma tsakanin mataki da mataki sai ka nuna ka yi aiki da wanda ke hannunka na wani lokaci. Wato ba abin da za ka tattara a wata shida ba ne. Shi ya sa nake cewa ka shiga na farkon tun kana wasa, lokacin hutun kaka, lokacin da akwai ɗan abin da ke shigowa aljihu. Gasannin nahiya duk sun ɗaure wannan: ƙungiyar da za ta buga dole kocinta ya riƙe babban lasisi, in ba haka ba sai a nemo wani a rubuta sunansa, kai kuma ka koma gefe kana raɗa masa a kunne. Na ga wannan wulaƙancin da idona a wasan ƙananan gasa, babu daɗin kallo.

A kwas ɗin, kada ka zauna a baya kana jin ka fi malamin iya taɓa ƙwallo. Ka fi shi, ba musu. Abin da ake gwadawa shi ne ko za ka iya tsayar da mutum 16 a wuri ɗaya, ka yi musu bayani cikin daƙiƙa 30, su gane, su ci gaba ba tare da jikinsu ya huce ba.

Yara da mataimakanci

Matsalar babban ɗan wasa ita ce abin da yake yi da ƙafarsa bai san yadda yake yin sa ba. Mutum irin Antar, wanda ke tasowa daga tsakiya ya iso cikin da'ira daidai lokacin da ƙwallo ke saukowa, in ka tambaye shi yaya yake sanin lokacin, zai iya ce maka kawai yana ji ne a jikinsa. Yaro ɗan shekara 13 ba zai koyi "ji a jiki" ba. Dole ka warware masa: ka kalli ƙafar mai bugowa, idan ya ɗaga kai ya saukar to ka taso, kada ka riga ƙwallo isa, ka bi ta bayan kafaɗar mai tsaron baya inda ba ya ganinka. Yara ne ke tilasta maka wannan warwarewar, domin manya sukan gyaɗa kai ko ba su gane ba, yaro kuwa zai tsaya ya zuba maka ido.

Saboda haka ka nemi ƙungiyar matasa ka riƙe kaka ɗaya ko biyu, ko ka zama mataimakin wani. Mataimaki shi ke jera robobin alama kafin kowa ya iso, shi ke zuwa kallon abokan karawa ya dawo da rahoto, shi 'yan wasa ke kai wa ƙorafin da ba za su iya kai wa koci ba. A nan za ka ga yadda ake yanke shawara ba tare da wuyanka ne a kan wuƙa ba. Wannan ita ce hanyar Marmar. Kafin ya zama shugaban benci ya riga ya san Ahed ciki da bai, ya san wane yaro ne ke tasowa, wane shugaba ne ke cika alkawari, wane ɗan wasa ne sai an lallaba shi, wane ne sai an daka masa tsawa. Kuma ko manyan da na ce mu ajiye gefe, haka suka yi: Guardiola ya fara da ƙaramar ƙungiyar Barcelona a 2007, Zidane ya yi wa Ancelotti mataimaki sannan ya riƙe Castilla, ƙaramar ƙungiyar Real Madrid, kafin a ba shi babbar.

Sharaɗi ɗaya: in ka karɓi mataimakanci, kada ka ci dunduniyar maigidanka. Duniyar ƙwallo ƙarama ce, a Beirut ko a ko'ina, kuma wanda ya hau kujera ta hanyar kai gulma wurin shugaban ƙungiya, mataimakinsa ya riga ya ga yadda ake yi.

Aikin farko: duba aljihun ƙungiya kafin ka duba 'yan wasanta

A nan mutane suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe.

Ranar da aka kira ka aka ce ga ƙungiya, zuciyarka za ta ce karɓi kawai. Tsaya ka tambayi kanka me ya sa kai suka kira. Sau da yawa ƙungiyar da ke kiran tsohon tauraro marar gogewa ba dabararsa take so ba, sunansa take so ta rufe bakin magoya baya da shi, kuma ta san zai yi arha. Racing Beirut tsohuwar ƙungiya ce, tun 1934, ta unguwar Ashrafiya, tana da tarihi da kofuna a shekarun baya, amma lokacin da Antar ya karɓe ta ba ta cikin masu kuɗin gasar. A gasa mai ƙungiya 12 da biyu ke faɗuwa duk kaka, wanda ya karɓi ƙungiya mai ƙaramin aljihu ya san da me zai kwana da me zai tashi. Koci mai gogewa in ya faɗi da irin wannan ƙungiya sai a ce ƙungiyar ce. Sabon koci in ya faɗi sai a ce ai dama bai iya ba.

Aikin Antar a Ahed ya fi wannan sarƙaƙiya. A ido, karɓar Ahed a 2020 kamar an ba ka amarya da kayan ɗaki ne, ga zakarun ƙasa, ga zakarun AFC Cup. Amma dubi abin da ya faru tsakanin nan. Zanga-zanga ta ɓarke a Labanon ranar 17 ga Oktoban 2019, aka dakatar da gasar kakar 2019/20, daga baya aka soke ta ɗungurungum. Kuɗin ƙasar, lira, wanda tun 1997 aka ɗaure shi a kan 1,507 da rabi duk dala ɗaya, ya rushe har ya rasa sama da kashi 90 cikin 100 na darajarsa. Bankuna suka riƙe wa mutane ajiyarsu. Ga korona, ga fashewar tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agustan 2020. Saboda rashin dala, aka buga kakar 2020/21 ba tare da 'yan wasan waje ba, manyan 'yan gida kuma duk wanda ya samu hanya ya fita neman abinci, har golan Ahed ɗin, Mehdi Khalil, ya tafi Iran aro. Sunan ƙungiyar bai canza ba, abin da magoya baya ke jira bai canza ba, amma mutanen da suka ci kofin ba su ne a fili ba. Wata ƙungiyar Beirut, Ansar, ita ce ta ɗauki gasar a wannan kakar, karon farko tun 2007.

Don haka kafin ka ce to, ka binciki abubuwan nan da kanka, kada ka tsaya kan abin da shugaba ya gaya maka a falonsa. Ka kira tsofaffin 'yan wasa biyu ko uku ka ji wata nawa suke bin bashi. Ka tambayi kocin da ya tafi me ya kore shi, yawanci zai faɗa maka gaskiya tunda ba abin da zai rasa. Ka san wa ke sayen 'yan wasa, kai ko wani. Ka je filin atisayen ka gani ko nasu ne ko haya suke yi, da ƙarfe nawa ake ba su shi. Sannan ka sa shugaba ya faɗa da bakinsa, gaban shaida, abin da yake so a ƙarshen kaka: kofi, ko tsakiyar teburi, ko tsira daga faɗuwa. In abin da yake so ya fi ƙarfin abin da ya tanada, ka yi godiya ka tashi. Wani aikin zai zo. Na farkon nan shi ake tuna ka da shi.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda. A Labanon kowa ya san Nejmeh ce ta fi yawan magoya baya, Ansar ta fi yawan kofuna, Safa tana da alaƙa da al'ummar Duruz, Homenetmen ta Armeniyawa ce, Ahed ta kudancin Beirut ce. Har an taɓa hana 'yan kallo shiga filaye na tsawon shekaru bayan kisan Firaminista Rafik Hariri a 2005, don gudun rikici. Koci a can dole ya san gidan da ya shiga da abin da ba a faɗa a cikinsa. Kai ma ka san wa ke bayan ƙungiyar da ke kiranka, gwamnati ce ko ɗan kasuwa ko unguwa, domin ranar da aka yi rashin nasara uku a jere, daga can wayar za ta fito.

Abokan jiya

Wanda ya tsallaka daga fili zuwa benci a shekara ɗaya, kamar Antar, zai tarar da mutanen da ya yi wasa da su ko ya kara da su a bara suna jiran ya rubuta sunansu. Wanda kuka kwana ɗaki ɗaya a otal, kuka zagi koci tare, yau kai za ka ajiye shi a benci.

Yadda nake ba da shawara shi ne, tun makon farko ka kira su ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba. Ka ce, "Wane, zumuncinmu na nan, gidana gidanka ne, amma a fili wanda ya fi kowa a atisayen mako shi zai buga." Sannan ka cika wannan maganar a kan wanda ya fi kusa da kai, tun da wuri. Duk 'yan wasan suna kallo su ga ko abokinka zai makara a ƙyale shi. In ka ƙyale shi sau ɗaya, ka gama. Ka fita daga zauren WhatsApp na 'yan wasa, ka bar su su samu inda za su yi gulmarka, suna bukatarsa. Kuma ranar da za ka ajiye babban ɗan wasa, ka gaya masa kwana ɗaya kafin wasa, kai da shi, da dalili ɗaya tak da zai iya gyarawa. Kada ya gani a allo tare da kowa.

Sai kuma kalmar nan "a zamaninmu". Ka haɗiye ta. Yaron da ke karɓar albashin da bai kai kuɗin motarsa ba, ba ya son jin yadda ka buga gaban mutum 50,000.

Inda albashi ba ya zuwa, wani abu na zuwa a madadinsa. A farkon 2013 hukumar ƙwallon Labanon ta hukunta 'yan wasa 24 bisa sayar da wasa ga 'yan caca, biyu daga ciki aka haramta musu ƙwallo har abada, kuma abin ya taɓa har ƙungiyar ƙasa a daidai lokacin da take zagayen ƙarshe na neman zuwa kofin duniya na 2014. Koci ba ɗan sanda ba ne, amma ya kamata ya san wanda aka kora daga gidan haya, wanda matarsa ke asibiti, wanda ya fara yawo da baƙin fuskoki. Kuma ya zama shi ne na farko da zai je ya buga wa shugabanni teburi a kan haƙƙin yaransa. 'Yan wasa suna yafe wa kocin da ya yi kuskuren canji. Wanda ya karɓi nasa albashin ya yi shiru a kan nasu, ba sa yafe masa.

Abin da za ka koyar a fili

Sabon koci yakan zo da burin buga ƙwallo mai daɗin kallo. Ba laifi, amma fara da hana a ci ka. Ahed ta Marmar ta buga wasa 11 a AFC Cup ta 2019, ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ƙwallo 3 kacal aka zura mata, kuma golan nan Mehdi Khalil, wanda shi ma haifaffen Saliyo ne, shi aka zaɓa gwarzon gasar. Wasan ƙarshe da ƙungiyar 25 April ta sojojin Koriya ta Arewa, wanda aka ɗauke daga Pyongyang aka ƙare da buga shi a Kuala Lumpur, 1 da nema aka tashi. An ba golan Koriyawan jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, Ahed ba ta ruɗe ta kwashe kowa ta yi gaba ba, ta yi haƙuri har Issah Yakubu ɗan Gana ya sa ƙwallon da ka bayan an dawo. Ka tuna kuma lokacin gasar gida a tsaye take saboda zanga-zanga, wato da atisaye kawai aka shirya wa wasan. Kafin su, Nejmeh ta kai wasan ƙarshe a 2005, Safa ta kai a 2008, duk ba su ɗauko ba.

Tsarin baya abu ne da ake iya koyarwa ko da 'yan wasanka ba su fi na kowa ba: tazarar da ke tsakanin mutum huɗun baya, wa ke fita wa ke rufe masa, yaushe layi ke hawa yaushe yake ja da baya. Ka ba shi minti 20 sau biyu a mako, ba ƙwallo da farko, sannan da ƙwallo, sannan da masu kai hari shida a kan huɗu. Bugun kwana da bugun tazara su ma ka ware musu rana, jajibirin wasa ya fi, tunda ba sa cin ƙarfi. Salo biyu ko uku sun isa, in an maimaita su har kowa ya san wurin tsayuwarsa ko da an tashe shi daga barci.

Kowane atisaye ya zama yana da manufa ɗaya da za ka iya faɗa a jimla ɗaya, kuma ka rubuta shi tun a gida. Ni nakan fara da ɗumama jiki minti 15, sai 'yar zagaye, biyar a waje biyu a ciki, sai babban darasin ranar, sannan a raba biyu a buga, ina tsayarwa kawai in abin da muka koya ya taso. Minti 75 zuwa 90 ya isa. Layi mai tsawo da yara ke tsaye suna jiran a zo kansu, alamar koci bai shirya ba ce. Ka sa wani ya hau katanga ko kan mota ya ɗauki wasanku da waya daga sama, ka kalla da dare, ka yanko wurare uku kawai ka nuna musu. In azumi ya zo, ka mayar da aiki mai nauyi bayan an sha ruwa da kamar sa'a biyu, na la'asar ya zama na dabara da tsayuwa.

Ladabi ma darasi ne. A gasar Asiya ta 2019, Labanon ta doke Koriya ta Arewa 4 da 1, nasararta ta farko a tarihin gasar, ta yi daidai da Vietnam a maki da bambancin ƙwallaye da yawan waɗanda aka ci. Da aka rasa abin raba su sai aka ƙirga katin gargaɗi, na Labanon ya fi yawa, Vietnam ta wuce. Duk lokacin da yaro ya tsaya yi wa alƙalin wasa gardama, wannan labarin nake ba shi.

Kwantiragi da ranar sallama

Za a sallame ka, ko ba jima ko ba daɗe. Irin su Adnan Al-Sharqi, wanda ya ci gasar Labanon sau 11 a jere da Ansar daga 1988 zuwa 1999, ba a yin su kullum. Dubi Jamal Taha, wanda ya buga a waccan Ansar ɗin, ya yi kyaftin ɗin ƙasar a gasar Asiya da Labanon ta karɓi baƙunci a 2000. Ya bi matakan duka, ya horar da ƙungiyoyi, ya yi mataimaki a ƙungiyar ƙasa, aka ba shi ita a 2020 lokacin da babu dalar biyan Bature. Ya kai ta zagayen ƙarshe na neman gurbin kofin duniya na 2022 a watan Yunin 2021. Wata ɗaya bayan nan aka kawo Ivan Hašek ɗan ƙasar Czech aka ba shi kujerar.

Saboda haka komai ƙanƙantar aikin, a rubuta. Takardar ta faɗi tsawon lokaci, albashi da ranar biyansa, ladan nasara, wa zai biya mataimakanka, da kuma abin da za a ba ka in an sallame ka kafin wa'adi, wata biyu ne ko uku ko ragowar kwantiragin duka. In a ƙasar da kuɗinta ke rawa za ka yi aiki, a rubuta da wane kuɗi za a biya ka da kuma a kan wane farashi, domin waɗanda suka sa hannu a kan lira a Beirut kafin 2019 sun ga albashin shekara ya koma na 'yan makonni. Ka ba lauya ko wani tsohon koci ya karanta kafin ka sa hannu, a kai kwafi ɗaya hukumar ƙwallon da ke kula da gasar, ɗaya kuma ya kwana a gidanka, ba a ofishin sakataren ƙungiya ba.